Jar Mota da Bayan Falalu

Talata Mafara,
6 ga Maris, 1978.

Zuwa ga taubashina Mamuda baduku, a Gidan Jatau, ƙasar Maradun.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Habiba da yara da duk wanda ke ci a tukunyarku. Yaya zafi, yaya aiki, yaya jakunan da kake yi wa ado? Mu nan lafiya lau. Matata Taiba tana gaishe ku, ko da yake ba ta san ku ba sai a labari.

Na san za ka ce yau wace rana. Shekara goma sha ɗaya rabonmu, tun rasuwar kakata Hindu, ƙanwar kakanka Jatau, lokacin ina ɗan shekara sha huɗu. Na yi Kano, na yi Kaduna, na koyi tuƙi. Shekara biyu ke nan da dawowata nan ina aiki a kamfanin da ke gina dam ɗin Bakolori, ban leƙo ka ba. Laifina ne, na ɗauka, kada ka tsaya ɓata tawada a kai.

Taubashi, ka gyara zama ka ji. Ba tifa nake ja ba, ba tanka ba. Motar Injiniya Aldo ce a hannuna, Baturen Italiya mai duba aikin kankare. Daga ƙasarsu ya sa aka sako masa ita a jirgin ruwa. Ja ce jawur, ƙofa biyu, mutum biyu kawai take ɗauka, in ta tsaya kusa da kai rufinta bai wuce ƙugunka ba. Baturen ya faɗi a wurin aiki bara, ƙafarsa ta dama ba ta jure doguwar tafiya, shi ne aka nemi wanda zai riƙa jansa. Mu arba'in ne direbobi a yadi, ni aka miƙa wa makulli. In na taka ta tsakanin Gusau da Funtuwa, wallahi lorori a tsaye nake ganinsu. In na shigo Mafara ran kasuwa, har masu awo sukan saki mudu su bi ni da kallo. Ba yabon kai ba, babu mai hannuna a kamfanin nan.

Sai dai kujerarta. Kai, wanda ya ƙera ta Allah ya isa tsakanina da shi! Ba zama ake yi ba, zubewa ake yi, kamar an sa ka cikin ƙwarya. Ƙafafu a miƙe gaba, baya a kishingiɗe, gefe da gefe ta matse maka haƙarƙari. Fatarta tauri, ga ta dab da ƙasa, ko tsakuwa taya ta taka sai ka ji ta a ƙashin bayanka. In muka bar kwalta muka hau gargada kuwa, sai salati. Shi Baturen yana cewa haka ake yin kujerar motar gudu, don kada mutum ya zame a kwana. To ni ba kwana ke damuna ba, Kano ke damuna. Zuwa da dawowa ɗaya, sai in kwana biyu ina salla a zaune. Na je asibitin kamfani, sun ba ni ƙwaya sun ce in huta. In huta wa ya riƙe makulli?

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Farkon watan Yuni zai tafi Ikko, kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa. Ya ga yadda nake fitowa daga mota ina dafa ƙofa, ya faɗa mini ƙarara ta bakin tafinta: in bayana ba zai kai Ikko ba, zai ba wani makulli, kuma ba zai dawo hannuna ba. Ni kuwa ban ga wanda zan bar wa motar nan ba.

Dikko mai lori, wanda zai kawo maka takardar nan, ya ce daga Maradun har Bakura babu jakin da ke ɗauke da akumarinka ya yi miki a baya. To ka yi mini abin da zan shimfiɗa a kujerar. Na auna ta: tsawo taƙi uku, faɗi biyu. Na san za ka yi dariya har ka faɗi, yi abinka, amma ka yi mini.

Naka,
Falalu.

*

Gidan Jatau,
11 ga Maris.

Zuwa ga Falalu mai jar mota, wanda ciwon baya ya tuna wa dangi.

Amin, alaikumus salam. Takardarka ta same ni bakin rumfa ina cusa audugar rimi cikin akumari. Muna lahiya, Habiba na amsawa, ɗiya duk lahiya lau, zahi kuma lokacinsa ne. Ka gai da Taiba, ka ce mata ta yi haƙuri da mijin da Allah ya ba ta. Allah ya sawwaƙe, ya ba ka lahiya.

Ashe kana nan kusa! Shekara biyu muna jin kukan katafilolinku daga ƙofar gida, ba ka san hanyar Gidan Jatau ba sai da baya ya ƙi. To madalla da wanga baya, ya fi ka zumunci. Dariya kuwa na yi ta, har Habiba ta leƙo ta ga ko lahiya. Direban Bature ya zo layin jakuna. Zo, akwai wuri, na sa ka bayan na Nagode mai albasa.

Awon da ka aiko na ajiye shi gefe. Awon kujera ne, kuma ba kujera ke ciwo ba. In matashi kake so ka tahi kasuwar Mafara, tela zai cusa maka tsumma kahin ka gama gaisawa. Ni ba matashi nike yi ba. Shekara ashirin da uku ina wagga sana'a, ban taɓa ɗinka abu don wani baya ya ƙi karɓarsa ba.

Ga abin da za ka yi, kuma ka yi shi yadda na faɗa. Ka sa riga ka yi doguwar tahiya cikin motar, Kano ko abin da ya hi. Ka zauna yadda ka saba, kada ka tokara komi a baya. Da ka sauka ka tuɓe ta, ka shanya a inuwa. Kada ruwa ya taɓa ta, kada a goge ta, kada wani ya sa ta. Ka naɗe ta da guminta ka ba Dikko hannu da hannu. Kada ka tsaya yi mani tambayar 'yan boko, in ta zo ka ga aiki.

Labarin gida kuma, ka riga ni sani. Mutanenku sun zo sun kafa turaku masu jan fenti, sunka ce bana ruwa zai hau har ya wuce rijiyar masallaci. Gonar fadama da Jatau ya bari, wadda kai ma ka sha satar dankalinta, wagga damina ba mu shuka ta. An nuna muna fili bisa tudu, tsakuwa zalla, akuya ma sai ta yi tunani kahin ta kwanta. Kun gama da mu, ku mutanen kamfani. Amma ai ka shigo hannuna yanzu, taubashi. Sai na rama, har da ta gona.

Ka hanzarta, rimi mai kyau ya kusa ƙare mani.

Ubangidanka,
Mamuda.

*

Talata Mafara,
4 ga Afrilu.

Zuwa ga Mamuda.

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya kai da iyali. Mu ma lafiya, sai dai bayan yana nan yadda yake, wani lokaci ma ya fi.

Ka yi haƙuri da jinkiri, aiki ne ya yi yawa. Ga riga nan wurin Dikko, irin kakin da kamfani ke ba direbobi. An yi tafiyar Kano da ita a cikin jar motar, zuwa da dawowa, kuma ba a wanke ba, yadda ka ce.

Maganar gona ta tsaya mini a rai. Wallahi Mamuda ni direba ne kawai. Ba ni na kafa turaku ba, ba a shawara da ni, inda ruwa zai tsaya ma a bakin mutane nake ji. Ni ma jinin gidan nan ne. Don Allah kada ka riƙe ni a zuci a kan abin da ba ni da hannu a ciki.

Ka gaida gida.

Falalu.

*

Gidan Jatau,
15 ga Afrilu.

Zuwa ga taubashina, gajere mai faɗi.

Sallama da gaisuwa. Muna lahiya, sai haɗa kaya da munka fara a hankali. Ina fatan kai da Taiba kuna lahiya, Allah ya ƙara sauƙi.

Kai, mi ya same ka? Mako uku shiru, sannan ka aiko mani takarda kamar ta kotu. Yaushe wasa ya fita tsakaninmu? Kakarka da kakana har sunka tsufa suna tsokanar juna, mu za mu fara rantse-rantse? Na san ba kai ka kira ruwa ba. Bar wagga magana, ga ta aiki.

Tun da ka yi biyayya, bari in buɗe maka abin da ba kowa nike buɗe wa ba. In anka kawo mani jaki mai ciwon baya, ba na auna akumari. Cewa nike a ɗora masa kaya a kai shi kasuwa a dawo, sannan in ɗaga akumarin in duba gumi. Inda kaya ya zauna daidai, gumi daidai yake. Inda ya danna da yawa, da inda bai taɓa ba sam, duk ga su nan a rubuce bisa gashi. Jaki ba ya magana, guminsa ke gaya mani. Kai kana magana, amma surutu ne, shi ya sa na ce ka aiko riga.

Na shimfiɗa ta bisa tabarma da hantsi, na karanta ta tsab. Gishirin gumi ya zana bayanka fari fat. Ashe tsawonka ya tsaya inda na bar shi ranar jana'izar Hindu, faɗi kawai ka yi ta yi! Daga wuya zuwa ƙugu taƙi biyu ba su cika ba. Kafaɗunka sun fi ƙarhin kujerar, gefenta na cin su, nan kakin ya yi baƙi har ya fara sulɓi. Ƙugunka kuwa a rataye yake, wurin tas, babu abin da ke tallafe shi tun daga Mafara har Kano. Nan ne ciwon. Kuma kana miƙa wuya gaba, don kujerar ta nutse da kai ba ka hangen hanya sosai. Af, tun yaushe ka fara shan taba? Rigar har ta sa Habiba tari. Allah ya shirye ka.

Ga aiki nan wurin Dikko. Jar fatar akuya ce, jimar Mafara, don ta dace da motar ubangidanka. Mazaunin na yi shi da kauri, yatsa huɗu, ya ɗaga ka. Daidai ƙugu na tayar da tudu, ƙasa-ƙasa inda naka yake, na cusa rimi na daka shi har ya yi tauri kamar tuwon jiya. Wajen kafaɗu na cike ramin don gefe ya bar cin ka. Igiya biyu ce, ka ɗaure ta bayan kujera, kada ka bar shi yana yawo.

Ban taɓa yi wa ɗan Adam ba, amma baya ai baya ne. Ka hau wanga abu, Ikko kaɗan ce, ka wuce ta in akwai gari gaba. In ka dawo kana dafa ƙofa, na ajiye basilla na koma kiwon kaji.

Mamuda.

*

Talata Mafara,
28 ga Afrilu.

Zuwa ga taubashina Mamuda.

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan ku ma haka. Allah ya sa haɗa kayan ya zo da sauƙi.

Saƙo ya iso. Duk yadi an taru ana shafawa, har Injiniya ya juya shi ya duba ɗinkin, ya kaɗa kai. Hannunka hannu ne, ban taɓa shakka a kan wannan ba. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Bayaninka na karanta shi sau uku. Yanzu na gane abin da ka nemi rigar dominsa. Da ma tun a takardar farko ka faɗa mini haka.

Taba ba na sha, a yadi ne kowa ke busawa. Mako mai zuwa akwai tafiyar Kano, zan gwada shi, in sha Allahu. Lokaci ya ƙure, Yuni ta matso.

Falalu.

*

Sabon fili, bisa tudun Maradun,
12 ga Yuni.

Zuwa ga Falalu mai girman kai.

Sallama. Muna lahiya, mun tashi. Ran Alhamis waccan munka kwashe na ƙarshe, jakunan Nagode sunka yi muna sawu tara. Habiba ta yi kuka da ta juya ta ga ɗakin babu rufi. Ni na kafa rumfata tun kahin ɗakin kwana, aiki ba ya jira. Kai fa, yaya jiki, yaya Taiba?

Mako shida ba takarda. In na tambayi Dikko sai ya ce shi bai san komi ba, ya hau lori. To riƙe labarinka, ya riga ya zo mani. Shekaranjiya Nagode ya kai albasa Mafara, ya ga jar mota a gidan mai, ta yi buɗu-buɗu da ƙurar hanya, ana cewa daga Ikko take. Ya ce direban gajere ne kakkaura, ya yi tsalle ya fito kamar ɗan akuya, har ya duƙa ya duba taya ba tare da ya dafa komi ba. Da ya leƙa ciki ya gane ɗinkina tun daga nesa. Bai taɓa ganinka ba, amma ya ce mani, “Na ga taubashinka, garau yake.”

Ka ga aiki ko? Wallahi ranar har tuwo na ƙara. Tun da munka hau wanga tudu ban yi farin ciki irin na ranar ba. Ka rubuto ka ba ni labarin Ikko, marar kunya, ko sai na aiko maka da goron roƙo?

Mamuda.

*

Bakura,
20 ga Yuni.

Zuwa ga yayana Mamuda.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Habiba da yara, ina yi muku barka da sabon wuri, Allah ya sa albarka a cikinsa. Ni da sauƙi, na fara ruku'u. Ka ga daga Bakura nake rubutu. An maido ni wajen aikin hanyoyin ruwa, tanka nake ja, ina yayyafa wa hanya ruwa don ƙura ta kwanta.

Wanda Nagode ya gani ba ni ba ne. Bitrus ne, abokin aikina. Rigar da na aiko maka ma tasa ce.

Bari in faɗa maka duka, ko da ba za ka sake amsa mini ba. Da takardarka ta farko ta zo na karanta wa Taiba, muna dariya, har muka kai wurin riga. Nan dariyarta ta tsaya. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin an nemi rigar mutum da guminta, a ce kada a wanke, a ce hannu da hannu, don alheri ba. Ta ce ga shi kuma ka rubuta da hannunka cewa sai ka rama har da ta gona. Na yi mata tsawa, na ce wasan taubasai ne. Amma kada in ɗora mata, maganar ta sami wuri a zuciyata ne don da ma wurin yana nan. Shekara biyu ina ƙin zuwa Gidan Jatau ba don aiki ba. Kunya nake ji in zo da kakin kamfani in zauna a gidan da ruwa zai ci. Na ɗauka yadda nake ganin laifin kaina haka kake gani. Na zaci asiri za ka yi mini, Mamuda. Ga shi na rubuta.

A wancan makon ina kwance, Bitrus ne ya kai Injiniya Kano a jar motar. Da ya dawo na ce ya kawo rigarsa Taiba ta haɗa da tawa ta wanke. Na naɗe ta na ba Dikko, Bitrus kuma na karɓo masa sabuwa a sito na ce tasa ta ɓata.

Da bayaninka ya zo na gane irin wautar da na yi. A lokacin ya kamata in rubuto maka gaskiya, akwai sauran wata ɗaya da rabi, da ka yi mini wani. Na kasa. Na ce a raina ai matashi matashi ne, zai yi. Ni dogo ne, taubashi, na wuce yadda ka san ni nesa, siriri kamar karan dawa. Da na hau, kaina ya taɓa rufi, gwiwoyina suka tokari sitiyari, tudun da ka yi wa ƙugu ya zauna mini a kan ƙashin gindi. Na cije na kai Kano. A dawowa, a Funtuwa, na tsaya shan mai na kasa fitowa. Mutum uku suka zaro ni daga mota, Injiniya na tsaye yana kallo. A bayan tifa aka kawo ni Mafara, a kwance.

Bitrus aka tura ya ɗauko motar. Ya dawo yana cewa, “Kai Falalu, wanda ya yi wannan abu ya san ni ne?” Shi ya kai Injiniya Ikko. Sun bi ta Tegina da Jebba, sun dawo, ko sau ɗaya bai koka da baya ba. An ba shi makulli a gabana. Motar ta fita hannuna, kuma ba ta dawowa. Na faɗa wa Bitrus gaskiyar rigarsa. Sai ya ce, “Wato da asirin ne, ni zai kama ke nan.” Har yau yana gaishe ni, amma ba kamar da ba.

Ƙunshi biyu ne wurin Dikko. Injiniya ya tambayi wanda ya yi aikin, shi ma kujerarsa na cin bayansa. Da tafinta ya gaya masa yadda kake yi, nan take ya tuɓe rigar da ya dawo da ita daga Ikko ya miƙo, ko tambaya bai yi ba. Ita ce fara. Ta biyun tawa ce, ta gaske, na yini da ita a tanka. Ban cancanta ba, na sani. Ka yafe mini don Allah, don darajar Hindu da Jatau.

Ƙanenka,
Falalu.

*

Sabon fili,
27 ga Yuni.

Zuwa ga Falalu.

Alaikumus salam. Muna lahiya. An yi ruwa biyu, mun shuka gero cikin tsakuwa, muna jiran ikon Allah. Na ji daɗi da ka fara ruku'u, Allah ya cika lahiya. Ka gai da Taiba, ban riƙe ta ba, ba ta san ni ba. Kai ne ka san ni.

Ba zan ɓoye maka ba, ka ɓata mani rai ƙwarai. Ranar da na tsaya bisa tudu na ga ruwa ya shiga fadamar Jatau, idona bai kawo hawaye ba. Takardarka ta sa ya kawo. Ni da na goya ka na ƙetare da kai gulbi, ni zan kai rigarka wurin boka saboda gona? Kuma da ka zaci zan cuce ka, ba ka ƙi aikowa ba, sai ka miƙo mani bayan bawan Allah da bai ci ba bai sha ba. Wannan ta hi yi mani ciwo bisa ta farko. Ka koma ka roƙi Bitrus da kyau, ba a tsaye ba.

Nawa laihin na gani. Da na yi maka bayani tun farko maimakon in ce ka yi shiru. Na saba da jakuna, su ba su tambaya. Kuma na yi maka wasa da gona, ban san kana ɗauke da ita a rai ba. Na yafe maka, kai ma ka yafe mani.

Amma ka tsaya ka ji. Mutumin da ban taɓa sa wa ido ba, ban san sunansa ba, na karanta bayansa bisa riga na yi masa abin da ya kai shi Ikko ya maido shi yana tsalle. Ashe hannuna bai yi ƙarya ba, kaji su nemi wani mai kiwo. To da taka ka aiko fa? Da yau kai ke riƙe da makulli. Ba kujera ta raba ka da motar nan ba, taubashi, kuma ba ni ba ne.

Ta Bature na shimfiɗa ta, na ga abin da ke damunsa, ƙafar nan ta sa shina zama a karkace. Ka ce masa kwana goma. Ka ce wa Bitrus ya riƙa fitar da nasa shina shan iska, in rimi ya kwanta ya aiko in ƙara.

Taka kuwa ga ta nan ta dawo, ban kwance ƙunshin ba. Ba na sake karɓar riga daga hannunka. Ran kasuwa ka hau lorin Dikko ka kawo mani bayanka da kanka. Ka zo da kakin kamfanin naka, babu mai cewa komi. Gidan ba shi da wuyar ganewa, shi ne na ƙarshe bisa tudu, mai rumfa a ƙofa.

Ubangidanka har gobe,
Mamuda.